Ƙasar da Ban Toya Ba

Duk wanda ya taɓa cin miya a gidanmu na Zauro, ya yi gumi har ya tuɓe hula, to ni ya kamata ya nemo ya yi wa godiya. Ba cika baki ba ne. Ba don ni ba, da tarugun nan ɗan rawaya mai ƙamshi ya ɓace daga bayan ƙasa tun kafin a kawo wa unguwarmu wutar lantarki. Ni na raine shi a cikin ɗaki, da hannun nan nawa, ina ɗan yaron da ko wando bai gama zama a ƙugunsa ba. Na sha faɗa a ofis, na sha faɗa a majalisarmu ta bayan la'asar, cewa hannuna hannun shuka ne: in na soka muciya a ƙasa da hantsi, kafin azahar ta fid da ganye, kafin magariba an fara zuwa roƙon iri. Abokan aikina a Birnin Kebbi sun ji labarin nan har sun haddace shi, wasu ma da na gyara murya sai su tuna an aike su. Sai dai akwai wani ɓangare da nake tsallakewa kullum, kuma abin da ya faru kwanan baya ya sa na ga gara in faɗe shi da bakina kafin yayata ta riga ni.

Maƙwabcina ne ya tono shi. Matashi ne mai ladabi, aikin gona ya karanta a makaranta, amma ban taɓa ganin kanta a tafin hannunsa ba. Wata safiya na shiga gaishe shi, sai na tarar da wasu baƙaƙen farantan roba jere a falonsa kusa da taga, masu ramuka kamar abin da ake jera ƙwai. A kowane rami ɗan tsiron tumatir guda ɗaya, a tsaye tsaf, kai ka ce sojoji ake duba wa fareti. Ƙasar da ke ciki baƙa ce, mai laushi. Na murza ta da yatsa na tambaye shi a wane gefen fadama ya ɗebo.

"Ai ba ɗiba ake yi ba, Baba, a buhu take zuwa," in ji shi. "An riga an gasa ta. Zafin ya kashe irin ciyawa da cutar da ke ciki. Shi ya sa duk abin da ka ga ya tsiro, to shi ka shuka."

Na tsaya riƙe da labule kamar ni aka dasa. Abin da bawan Allahn nan ya faɗa a numfashi ɗaya, yana latsa waya da ɗaya hannun, ni sai da na kusa hallaka abin gadon gidanmu kafin na gane shi.

A zamaninmu, ɗakin Kaka ne farantin roba. Kaka mahaifiyar babanmu ce, 'yar Argungu, aure ya kawo ta Zauro. Idan damina ta yi tsakiya, marka ta sauka, ruwa ya yi kwana biyu yana zuba ba ƙaƙƙautawa, gulbin Rima yakan cika ya shafe fadama, har ka tsaya a bakin gari ka rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Kwaɗi su yi ta kuka kamar an ba su kwangila. Bango ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa, itace ya yi ta hayaƙi yana sa mata hawaye. A daidai wannan lokacin, da kowa ke jiran ruwa ya yi abin da ya ga dama, Kaka take fara noman raninta a cikin ɗaki. Dalilinta a fili yake: in ka watsa irin tarugu a waje, ruwan sama ya tumurmushe shi, abin da ruwa ya bari kaji su tsince, abin da kaji suka bari ƙadangaru su gama da shi. Ita kuwa so take ranar da ruwa ya janye daga fadama, ya bar laka mai danshi, ya tarar da dashenta ya isa cira. Don haka duk wata fasasshiyar tukunya, duk sakaina, duk gindin tulun da ya faɗi a hanyar rijiya, ba a yar da shi a gidanmu. Ɗakin Kaka yake tafiya ya jira damina. Ni kaina na taɓa fasa tulu na zo ina kuka, Inna ta ɗauko tsumagiya, Kaka ta fito ta duba gindin ta ce ya fashe da kyau.

Ga yadda take yi, don har yau in na rufe ido ina ganin hannunta. Za ta ɗebo ƙasa daga bayan danga, ta haɗa da ɗan yashi da tsohon taki, ta tankaɗe a rariya kamar garin tuwo. Sannan ta ɗora babban kasko a murhu, ta zuba ƙasar, ta yi ta juyawa da muciya. Toya ta take yi, wallahi, kamar mai suyar gyaɗa. Ƙasar ta yi ta tururi, wani ƙamshi ya tashi, irin na farkon ruwan shekara amma da ƙauri a ciki, ya cika gida har maƙwabta su leƙo ta katanga su ce, "Yau kuma ƙasa za a ci?" In ta yi zafin da hannu ba ya taɓawa, sai ta juye a tabarma ta bar ta ta kwana. Washegari ta rarraba a cikin sakainu da kasake, ta ɗauko wani ɗan gora da ke rataye a saman gadonta. A ciki iri yake kwance cikin toka, don kada ƙwari su ci. Ta barbaɗa shi da yatsu uku, ta rufe da ƙasa ɗan kaɗan, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kai. Ban-ruwa kuwa ba a kwarara shi. Tsintsiya take tsomawa a ƙwarya ta yarfa, fat, fat, fat, sau uku kowane kasko. Wannan ƙarar ita ce take tashina da safe, kafin turmin Inna. In tsiro ya fito, kullum da hantsi a fito da kasake bakin ƙofa su sha rana, kafin ta take a mayar da su ciki. Yau kaɗan, gobe a ƙara, har su saba da duniya.

Ni kuma Allah ya yi ni da ciwon tambaya. Ba abin da ke hana ni zama kamar abin da iri yake yi a ƙarƙashin ƙasa, inda ba mai ganinsa. Barci yake? Ya san sama daga ƙasa, ko wani ke gaya masa? Sau nawa Kaka ta kama ni na sa tsinke ina tono, don in ga ko ya motsa. Da ta gaji, sai ta ware mini sakaina ɗaya ta zuba wake, ta ce in tona wannan har in ƙoshi. A nan na ga yadda wake ke kumbura, ya tsage, ya zuro fari kamar haƙorin jariri. Amma toya ƙasa ya fi komai tsaya mini a rai.

"Kaka, mi ya sa kike toya ƙasa?"

"Don ta yi daɗin ci, angona."

"Wa zai ci?"

"Baƙona. Iri baƙo ne, daga gora ya fito, bai san kowa ba. Kai ka taɓa ganin an ba baƙo ɗanyen abu?"

Wata rana na sake tambaya, ta ce ƙasar sanyi take ji. Wata rana ta ce in na girma na yi gemu za ta gaya mini, in ba ta yi mini kishin gemun ba. Na je wurin Baba, ya ce haka suka taras, in matsa yana gyaran fartanya. Manyanmu haka suke. Ba rowar sani suke yi ba, gani suke yaro da ido yake koyo, ba da kunne ba. Sai na zauna na yi nawa binciken. Na saci soyayyar gyaɗa na binne, na yi mako ina ba ta ruwa, ko motsi. Na ce to, wuta kashe abu take yi. Sannan na lura da turken awakinmu: ba wanda ya taɓa shuka komai a wurin, amma da an yi ruwa ganye ke fitowa kore shar, kamar ana tura shi daga ƙasa. Na haɗa wannan da wancan, na yanke hukunci a raina cewa Kaka shekara da shekaru tana kashe ƙarfin ƙasarta, kuma ba wanda ya isa ya gaya mata sai ni.

Sai in ce wani abu game da tarugun, don a san abin da aka ɗora mini. Ba irin na kasuwa ba ne. Ɗan ƙarami ne, rawaya, a yamutse kamar fuskar wanda aka tasa daga barci. In aka yanka shi a Zauro, a Ambursa ake atishawa. Guda ɗaya ya ishi tukunyar gidan biki, kuma bayan yajin akwai wani ƙamshi da ke zama a hanci har gobe. Mahaifiyar Kaka ce ta ɗaure mata irin a bakin zane ranar da aka kawo ta, kuma a can Argungu ma danginta sun bar shi ya ɓace, sun koma na kasuwa mai girman banza. Shekarar da ta gabaci wadda nake ba da labari, ruwa ya yi mana ba-zata. Bayan an yi dashe, an ɗauka ya tafi, sai ya dawo ya kwanta a kan lambun Kaka kwana da kwanaki. Ko ɗa ɗaya ba ta cira ba. Abin da ya rage a duniya na wannan tarugu shi ne ɗan guntun da ta bari a gindin gora, wanda bai cika cokalin shayi ba. Kuma iri in ya kwana biyu a gora ƙarfinsa raguwa yake. In aka tsallake wannan damina, an yi sallama da shi.

Ranar da ta sa za ta toya ƙasa, da safe, sai ga saƙo daga Argungu: Gwaggo, autarta, ta sauka, kuma jikin ba daɗi. Motar da ke bin hanyar ranar kasuwa kawai take tashi, ga ta can bakin hanya tana ta hon. Kaka ta ɗaure ƙunshinta, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon gora, tana kallon sama. Sannan ta kira mu, ni da Yaya. Yaya ita ce babbarmu, mace, ta girme ni da shekara huɗu, kuma tun tana goye take da hankalin tsofaffi.

"Ke za ki toya, ki tankaɗe, ki shuka," ta ce wa Yaya. "Kai kuma, mijin banza, naka ɗauka da ajewa. Ka fito da su da hantsi, ka mai da su kafin rana ta yi zafi. Ka kori kaji. In ka tona mini iri, na sake ka."

"Ko an ba ni ba zan tona ba, Kaka."

"Wanga shi ne na ƙarshe. Kun ji? Babu wani bayansa."

Muka ce mun ji. Ni har da dafa ƙirji.

Da rana aka aiki Yaya kai wa Baba abinci gonar shinkafa, inda suke fama da ruwa. Tana fita ta ce in jira ta. Ƙafarta ba ta gama barin zaure ba na ɗauki fartanya na nufi turken awaki. Na ɗebo ƙasar da ta fi kowacce baƙi, na tankaɗe ta da kyau, don ni ma ba a banza na yi shekaru ina kallo ba. Na cika kasake huɗu da gindin tulu ɗaya. Na hau gadon Kaka na sauko da gora, na zazzage shi tas, na barbaɗa da yatsu uku, na rufe, na shimfiɗa tsumma. Sannan na hura wuta a murhu don a ga toka, na shafa baƙin tukunya a goshi da gwiwar hannu, na zauna ina haki. Da Yaya ta dawo ta dube ni, ta dubi kasake.

"Ka toya?"

"Ba ki ga goshina ba?"

"Kaka kwana take barin ta ta huce."

"Ni fifita na yi. Da faifai biyu."

Ta ce in Kaka ta dawo ita ba ruwanta.

Irin Kaka kwana goma sha biyu yake yi kafin ya leƙo, wani lokaci har fiye. Nawa kwana uku ya yi. Safiya ta uku na ɗaga tsumma, sai ga ƙasa ta yi gashi: tsiro ɗari bisa ɗari, siri-siri, masu jar ƙafa, kowanne da ganye biyu. Na yi ihu har akuya ta tsinke igiya. Na ce ashe gaskiyata, ɗanyar ƙasa ita ce magani! Daga ranar ban ƙara taka ƙasa da dukan tafin ƙafata ba. Na zaga unguwa na gaya wa duk wanda ya tsaya, da wanda bai tsaya ba, cewa abin da Kaka ke yi a kwana goma sha biyu ni na yi shi a uku. Kasaken kuwa bayan ɗaki nake kai su shan rana, inda kaji ba sa zuwa, kuma ba na barin kowa ya matso, wai kada a yi musu baki. Suka yi ta tashi kamar ana jan su da igiya. In ka zauna kusa ka yi shiru, har ƙarar girmansu za ka ji.

Yaya ta leƙa sau ɗaya ta kan kafaɗata.

"Tarugun Kaka ba shi da jar ƙafa."

"Na Kaka ne ba shi da ita. Wannan nawa ne."

Wajen kwana na goma sha biyu sai matsala ta ɓullo. A ƙarƙashin kyawawan shukokina, wasu 'yan abubuwa suka fara turo kai, a tanƙware kamar ƙugiyar kamun kifi, farare-farare, ba su da ko kuzari. Na ce ga ciyawa ta zo cin arziki. Na samo tsinken tsintsiya, kullum da safe bayan na yarfa ruwa sai in durƙusa in bi su ɗaya bayan ɗaya in tumɓuke. Ba aikin wasa na yi ba, ko likita ba zai fi ni natsuwa ba. Na ma ɗauki ɗaya na kai kusa da ido, don ciwon tambayata bai bar ni ba. Sai na ga a kan ganyensa akwai wata 'yar hula, ɓawo ɗan fari, kama ɗaya da ƙwayar irin da na barbaɗa. Na daɗe ina kallonta. Wani yaron da a nan zai farga. Ni kuwa cewa na yi, lallai ciyawar nan ɓarauniya ce, har hular taruguna ta sace. Na jefa wa kaji. Mako guda na yi ina wannan hidima, har suka daina fitowa.

Kaka ta dawo bayan mako uku da 'yan kwanaki, Gwaggo ta samu sauƙi. Ni na tarye ta a bakin hanya, na ɗauki ƙunshinta mai ƙamshin busasshen kifi, na fara ba ta labari tun kafin ta gama sauko da ƙafa ta biyu. Tana dariya tana cewa angonta ya yi abin kai. Da na kai wurin kwana uku sai ta rage tafiya.

"Kwana nawa?"

"Uku cif, Kaka. Yanzu sun kai gwiwata."

Muka isa gida. Ko ruwan da Inna ta miƙo ba ta karɓa ba, bayan ɗaki ta wuce. Ga kasakena nan a jere, kore shar, har suna rangaji. Ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta shinshina, ta sa a baki.

"Rukuɓu," in ji ta.

Rukuɓu, ga wanda bai sani ba, ganyen nan ne mai kama da alayyafo da ke fitowa da kansa a juji da turken dabbobi. Awakinmu sun ci shi, sun ajiye mini irinsa a taki, ni kuma na kwaso na shimfiɗa masa gado a ɗakin Kaka, ina fito da shi shan rana kamar mai jego.

"Daga ina ka ɗebo ƙasa?"

"Turken awaki."

"Ka toya?"

Na dubi Yaya. Yaya ta dubi sama.

"To wasu ƙanana ba su fito ba daga baya? Masu 'yar hula?"

Har a lokacin ban gama ganewa ba. Na ce, "Sun fito, Kaka. Kada ki damu, na gama da su."

Na zaci duka ne zai biyo baya, har na fara zaɓen hanyar gudu. Amma Kaka zama ta yi a ƙasa, da zanen tafiyarta, a cikin danshi. Ta ce Yaya ta miƙo mata gora. Ta jijjiga shi a kunne. Ta zazzage 'yar tokar da ta rage a kan faifai, ta yi ta bi da yatsa a hankali, tana nema. Ba komai. Matar da ba ta taɓa rasa abin tsokanata da shi ba, ranar ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, ba da ni take ba, ba da kowa ba, "Ranar da anka kawo ni garin ga, shi kaɗai na san nawa ne." Wallahi da ta ɗauki muciya ta karya a bayana da ya fi mini sauƙi.

Can sai ta ce a ba ta wuƙa. Ta jawo kasko na farko, ta fara yanke rukuɓun daga gindi, ɗaya ɗaya, ba ta tumɓukewa don kada ƙasa ta motsa. Ta gama, ta sunkuya ta duba, ba komai. Na biyu haka. Na uku, na huɗu. Inna ta bar dakanta ta zo ta tsaya. Saura gindin tulu, wanda bakinsa ya ɗan lanƙwaso ciki ta gefe ɗaya. Ta yanke, ta yanke, sannan hannunta ya tsaya. A ƙarƙashin lanƙwasar nan, inda idon mai tsayuwa ba ya kaiwa, ga wani abu siriri kamar zare, da ganye huɗu, ya karkato yana neman haske.

"Ke, kawo faifai ki yi mishi inuwa," ta ce wa Yaya a hankali, kamar mai tsoron tada jariri. Sannan ta juyo gare ni. "Kai kuma ja da baya. Ƙara. Ƙara dai. In ka kai zaure ka tsaya."

Ita da kanta ta raini ɗayan nan. Ita ke fito da shi, ita ke mayarwa, kuma in zan wuce ƙofar ɗakinta sai na sa hannuwana a baya. Rukuɓun kuwa ba a yar ba. Kaka ta ce ba a wulaƙanta amfanin gonar maigida, aka dafa aka yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, aka ajiye mini ni kaɗai, safe da rana, har sai da na fara jin ina son yin kuka irin na awaki. Da ruwa ya janye ta kai shi fadama a cikin ƙwarya, ta dasa a tudu, ta kewaye da ƙaya. Ya yi 'ya'ya, amma shekarar ko ɗaya ba a sa a miya ba, duk iri aka bari. Muka ci tarugun kasuwa har wata damina, kuma duk ranar da miya ta yi lami, gidan gaba ɗaya ni ake juyowa a kalla. Da marka ta sake zagayowa, Kaka ta ɗora kasko a murhu, ta miƙo mini muciya. Ni na toya ƙasar gidanmu kowace shekara har na tafi makaranta Birni. Ban ƙara tambayar dalili ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Yanzu Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ɗakinta an yi masa siminti, jikokin Yaya ke cajin waya a ciki. Tulu ya zama jarka, kuma jarka in ta fashe ba abin da ake shukawa a gindinta. Gidana na Birnin Kebbi tsakar gidan duk an shafe ta da tayil, ko kaza ta shigo sai ta zame. Iri a 'yar takarda ake sayo shi, da hoton abin da zai zama a jiki, kada ka wahalar da kanka da tunani. Yaran yanzu in suka yi tambaya, kafin ka gyara zama ka ce musu ƙasa sanyi take ji, waya ta riga ta ba su amsa. Ban ce ba ci gaba ba ne. Da a zamaninmu akwai wanda zai gaya mini abin da maƙwabcina ya gaya mini, da ban ci rukuɓu na mako biyu ba. Amma ina tantama ko akwai wanda a cikinsu ya taɓa kwanciya rub da ciki a gaban sakaina, yana jiran wake ya motsa. Kuma ƙamshin nan na toyayyar ƙasa, na neme shi a buhun maƙwabcina, na cusa hanci har ya tambaye ni ko lafiya. Babu shi.

Abin dai ya tsaya mini. Na ce wa maƙwabcin ya ware mini farantin roba ɗaya, zan kawo masa irin da bai taɓa gani a littafi ba, in kuma nuna masa yadda masu hannu ke yi. Ranar Asabar na hau babur na tafi Zauro. Yaya ce ke riƙe da irin yanzu, a gwangwanin madara, amma har yau cikin toka. Na same ta a tsakar gida da surukanta mata biyu suna gyaran shinkafa. Aka gaisa, aka kawo fura, na faɗi abin da ya kawo ni. Tana ƙulla mini iri a 'yar leda, ni kuma ganin sababbin kunnuwa sai na gyara zama.

"Ku ba ku sani ba," na ce wa surukan, "tarugun nan da kuke ci, a hannuna ya tsira. Shekarar da ya rage saura cokali ɗaya a duniya, ni aka damƙa wa."

Suka ce ikon Allah, Kawu, ashe haka aka yi. Yaya ba ta ɗago ba. Ta ƙulle ledar, ta ƙara ƙulli na biyu, ta miƙo mini, amma ba ta saki ba.

"Ka kai wa maƙwabcin naka ya shuka," in ji ta. "Kai kuma ka nemi hutu a ofis ka yi tafiya, sai ya yi ganye shida ka dawo. Duk tarugun Kaka da anka ci a gidan ga tun daga ranar, jikokin ɗayan nan ne da ba ka gani ba."